Waldar da Ban Zagaye Ba

Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgin Riyad bai tambayi sunana ba. Fasfona ya karɓa, ya dubi hoton, ya dubi furfurata, ya jefa shi a aljihun gaba ya ce, "Yalla," wato mu tafi. Ban sake riƙe fasfon nan a hannuna ba sai ranar da zan bar ƙasar.

Sunana Garba. A Funtuwa Garba Mai Ƙofa ake ce mini, don na yi shekara talatin ina ƙera ƙofofi da tagogi da get na ƙarfe a bakin titi. Da ƙofofin waje suka cika kasuwa, wutar lantarki kuma ta koma sai an ga dama, sana'ar ta mutu a hannuna ina kallo. Ina da shekara hamsin da ɗaya, ga iyali. Wani eja a Kano ya ce ana neman masu walda a Saudiyya, ɗaki kyauta, abinci kyauta, Umara kuma duk sanda mutum ya so.

Babu waldar. Wurin gini aka kai ni, can arewacin gari inda babu ko bishiya ɗaya. A jikin iƙamata, wato katin izinin zama, an rubuta lebura. Bulo na ɗauka, rodi na ɗaure. Mu goma sha biyu ne a ɗaki, gado kan gado, kuma na sama aka ba ni, ni da gwiwa ke damu. Shugaban aikin, wani Bamisire, bai taɓa kirana da suna ba, sai "ya shayib", wato tsoho. Idan rana ta take, ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu. Sau biyu ina faɗuwa, a yayyafa mini ruwa, a ce in tashi. Da na tambayi kafilina, Balaraben da ya ɗauko ni aiki, zancen walda, sai ya yi kamar bai gane Larabcina ba. Gaskiya kuma ba wani Larabci gare ni ba, daga na salla sai na allo da na baro tun ina yaro.

Wata takwas na yi a haka. Ran nan babbar mota ta tuge get ɗin wurin, aka rasa mai gyarawa. Na roƙi a ba ni injin waldar da ke ajiye a sito. Kafin la'asar na tayar da get ɗin ya koma yana buɗuwa da yatsa ɗaya. Kafilin ya zo ya shafa, ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Bayan sati ya mayar da ni garejin wansa, Abu Nayif, a unguwar masu gyaran mota.

A nan na haɗu da Rashid, bakanike ɗan Pakistan, baƙin mutum siriri mai jan gemu na lalle. Ranar farko ya ga na zauna a gefe lokacin cin abinci ba komai a gabana. Sai ya yaga gurasarsa biyu, ya turo kwanon wakensa tsakiya. Haka muka ci gaba da ci kwano ɗaya. Shi ya koya mini Larabcin titi, wanda ba na kowa ba ne, ya koya mini cewa injin goge ƙarfe a nan saruk ake ce masa. Aikina bai wuce salansa da ƙafar kujera ba. Ɗaki kuma na samu a unguwar Ud, kusa da katangar maƙabarta, tare da wasu direbobi Hausawa uku.

Kewar gida ba a aiki take kama ni ba, ranar Juma'a take zuwa. Idan an sauko masallaci sai in taka har Jaradiya, inda 'yan uwanmu suke da yawa, in sayi tuwo da miyar kuka in zauna ina ci a hankali don kada ya ƙare, ina sauraron mutane na ciniki da Hausa. Matata Hadiza takan turo saƙon murya, in ji kukan awakinmu a bayanta. Nakan maimaita saƙon don awakin.

A shekarata ta biyu Yasir ya shigo garejin. Wata jar mota ya kawo mai ƙofa biyu, gajera har tana neman shafar ƙasa, salansarta ta tsage. Ina kwance a ƙarƙashinta ina yi wa wani kusa faɗa da Hausa, sai na ga fuska ta leƙo.

"Kai Bahaushe ce?"

Na ce Bahaushe ne dai, ba ce ba. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. A Riyad aka haife shi. Kakansa ne ya taka daga ƙasar Katsina zuwa aikin hajji bai koma ba. Shekararsa talatin da biyu, yana aikin ofis, yana da mata da 'ya ɗaya. Hausarsa duk a karye take, rabi Larabci, amma yana sonta. Tun daga ranar ya ce ni kawunsa ne.

Kuma ya riƙe maganar. Ya kai ni gidansu a Jaradiya wurin mahaifiyarsa, Hajiya Umma, wadda aka kawo ƙasar tana amarya. Ta yi mini dambu, ta zauna daga bakin ƙofa tana tambayata ko har yanzu ana cin kasuwar ƙauyensu ranar Laraba. Da tsinken ƙarfe ya shige mini ido, Yasir ne ya baro ofis ya kai ni asibiti, ya tsaya yana fassara. Umarar da eja ya yi mini alkawari, Yasir ne ya kai ni a motar gidansu, ya saya mini harami. Tun da na sauka ƙasar ba wanda ya ba ni girman shekaruna sai shi.

Abin da ya fi so a duniya gudu ne. Da can a titi suke yi shi da abokansa, har ɗaya ya mutu, Hajiya ta sa shi ya dafa Alƙur'ani ya bari. To akwai filin tsere a bayan gari, cikin rairayi, halba suke ce masa, inda ake yin abin da izini da motar asibiti a tsaye. Ya daɗe yana lallashin Hajiya. Da ƙyar ta yarda, bayan ya yi mata bayanin cewa za a ƙera wa motar keji na ƙarfe daga ciki, wanda ko ta kife mutum zai fito da ƙafarsa.

Aka fara aiki a garejinmu. Abin ya ba ni mamaki, don ni a sanina gyaran mota ƙari ne, wannan kuwa ragi ne. Muka cire kujerun, muka yaye kafet, muka ɓamɓare rufin yadi da rediyo da robobin ƙofa. Har na'urar sanyi ya ce a cire. Rashid ya tambaye shi ko ya manta a wane gari yake, ko gasa kansa yake so ya yi kamar kaza. Yasir ya ce duk abin da ba ya sa mota gudu kaya ne. Rashid ya sauya birki da manya, ya sa shoka masu tauri, ya ƙara wa injin hanyar shan iska. Aka kawo tayoyi masu faɗi marasa zane, da kujera ɗaya mai kama da kwarya, da bel mai madauri shida, da tukunyar kashe gobara. Motar ta koma gwangwani, in ka yi magana a ciki sai ta amsa.

Saura keji. Akwai wani gareji a ɗaya gefen gari, na wasu 'yan Filifin, da ba su da aiki sai shi. Rashid ya ce a kai can. Yasir ya ce don me zai ba baƙo ransa alhali ga kawunsa. Ya nuna mini hotuna a waya, bututu sun sarƙe da juna, ya tambaye ni ko zan iya.

Abu Nayif yana tsaye a wurin. Kwanaki kaɗan kafin nan na ji shi yana cewa bai ga amfanin sabunta iƙamar tsohon da ba ya komai sai liƙin salansa ba, iƙamar kuwa ta kusa ƙarewa. Wannan dalili ne, amma ba shi kaɗai ba, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara talatin ina maigidan kaina, shekara biyu ana kirana shayib. Na dubi hoton na ga bututu ne da walda. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, na yi abin da ya fi shi.

Yasir ya sayo bututun da doka ta ce, masu kauri marasa ɗinki, aka lanƙwaso su a inji daidai da awo. Na yanka, na saita, na fara da ƙafafu shida na kafe su a daɓen motar da farantan ƙarfe. Sai na hau sama. A nan na gamu da abin da ban yi tunani ba. Inda bututun suka haɗu a ƙarƙashin rufi, tsakaninsu da rufin ko yatsa biyu ba sa shiga da kyau. Sandar walda ba ta kaiwa bayan. Daga baya na ji yadda masu sana'ar ke yi: sukan huda daɓen motar, su sauke kejin ƙasa ta ramukan, su zagaye saman da walda, sannan su ɗaga shi su toshe. Ni kuwa na riga na kafe ƙafafun. Ban tambayi kowa ba, don wanda ya ce ya yi abin da ya fi wannan ba ya tambaya.

Sai na yi abin da hannuna ya saba. Mu masu ƙofa, gefen da zai shige bango ba ma ɓata masa sanda. Ɗigo biyu ake yi, magini ya rufe sauran da siminti. Gefen da ke kallon mutane shi ake cikawa, a goge shi da inji har ya kwanta, a shafa fila a ramukan, a yi fenti, mai kaya ya zo ya shafa ya ji sumul ya sa albarka. Haka maigidana ya koya mini, haka na koya wa wasu, kuma ƙofata ba ta taɓa faɗuwa ba. Mahaɗa huɗu ne a saman. Na yi musu walda iya inda hannu ya kai. Wadda ke saitin kan direba ta fi kowacce matsewa, kusan rabinta ban taɓa ba. Na sa saruk na goge abin da na yi har ya yi kyau, ban san ina rage masa ƙarfi ba. Na cusa fila da yatsa ta baya, na fesa baƙin fenti. Aka naɗe bututun da soso don kare kai.

Wallahi a ranar ban ji na yi laifi ba. Alfahari ma nake yi. Yasir ya kama bututu ya girgiza, motar duka ta motsa, ya sumbaci goshina. Abu Nayif ya ce, "Mu'allim," wato gwanin sana'a, karo na farko.

Bayan kamar sati Yasir ya zo da shayi, ya zauna kusa da ni ya ce in ga amfanin aikina. Wani hoton bidiyo ne na ƙasar waje. Mota ta tashi sama ta faɗo a kan rufinta, ta yi ta wuntsilawa, taya na fita, gilashi na tashi. Da ta tsaya babu abin da ya rage sai kejin, direba ya rarrafo ya miƙe yana ɗaga hannu. Yasir ya ce, "Shuf, duba, Kawu. Duk nauyin mota a kan kusurwa ɗaya, bai karye ba."

Na ajiye kofin shayin. Ƙofa a tsaye take, nauyin kanta kawai take ɗauka. Ni ban taɓa kawo wa raina cewa motar ce za ta faɗo a kan wannan mahaɗar ba, da gudu, kan Yasir yana ƙasa da ita da taƙi ɗaya.

Daga ranar abinci ya daina shiga. Na ce masa ya dawo da motar in ƙara duba wani abu. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke kwance a inuwa, na kwance soson, na lanƙwasa sandar walda kamar ƙugiya, na soka fasasshen madubi ina leƙe. Ban ga komai ba sai hayaƙi. Filar ta kama wuta, fentin rufin ya kumbura daga waje kamar ƙuna. Warin ne ya tashi Rashid. Ya zo ya ture ni gefe, ya sa sukudireba ta bayan bututun ya kankare. Fila ta zubo masa a tafin hannu. Ya sake turawa, bakin sukudireban ya shige cikin mahaɗar.

Ya kaɗe filar daga hannunsa. Sannan ya ce da Larabcinmu na gareji, wannan ba keji ba ne, hoton keji ne. Ya ce gyara ɗaya ne, a yanke duka a sake, kuma ba a yin haka a ɓoye. Na kama gemuna na roƙe shi. Na ambaci iƙama, na ambaci ɗana da ke makarantar koyon jinya, na ambaci Hadiza. Ya ce shi ba zai kai ƙarata ba, don mun ci gurasa ɗaya, amma bakin da ya ce zai iya shi ne zai ce bai iya ba.

"Kai za ka faɗa, Haji. Kafin ya shiga."

Na ce zan faɗa. Da Yasir ya zo ya ga ƙunar rufin, na ce tartsatsi ne. Ya ce ba komai, dama a nan za a manna lamba.

Na bi duk hanyar da ba ta gaskiya ba ce. Na ce masa na yi mummunan mafarki a kan motar, ya ce tsufa ne da cin wake. Na je na gaya wa Hajiya mafarkin, ina fatan ta hana shi. Ta sa aka yanka rago aka raba, ta ce ai hankalinta a kwance yake tunda ni na ƙera abin da hannuna. Na ba Malam Isa, babban cikin direbobin ɗakinmu, labarin kamar na wani ne. Ya dube ni ya gane. Ya ce in Abu Nayif ya ji an ɓata sunan garejinsa, kafin sati an buga mini fita ba dawowa, in ma ba a haɗa da 'yan sanda ba. Ya ce motoci nawa ne ke kifewa a cikin ɗari, in yi shiru in yi addu'a. Na san shawarar banza ce. Na karɓa don ita nake son ji.

Ranar da aka kai motar a duba ta a halba, na bi su. Wani saurayi ne da takarda a hannu. Ya auna kaurin bututu, ya ja bel, ya duba tukunyar gobara, ya ƙwanƙwasa nan da can. Ina tsaye ina roƙon Allah Ya sa ya ɗaga soson, ina kuma roƙon kada ya ɗaga. Bai ɗaga ba. Ya manna takardar shaida a gilashi. Yasir ya yi gwaji sau biyu a makonni biyu, ya dawo lafiya, sai Shaiɗan ya fara ce mini ka gani, ba abin da zai faru.

Tseren ya kama ranar Asabar da hantsi, lokacin sanyi. Tun a mota na shirya maganar, jimla biyu ce kacal, na yi ta maimaita ta. Da muka isa Yasir ya riƙe hannuna ya zaga da ni wurin abokansa, yana cewa ga kawunsa daga Nijeriya, babban mu'allim, shi ya ƙera kejin da hannu. Samari masu tsadaddun agogo suna miƙo mini hannu biyu, suna leƙa motar suna yaba yadda mahaɗun suka kwanta kamar an zuba su. Aka ɗauke mu hoto. Na ce bari su watse. Da suka watse yana sa hular kwano, na ce bari ya zauna. Da ya zauna Rashid ya ɗaure masa bel, ya ja da baya, ya dube ni.

Na sunkuya a taga. Idonsa kawai nake gani. Mahaɗar tana nan saman kansa, da na miƙa hannu zan taɓa ta.

"Kawu, addu'a."

"Allah Ya tsare. Ka bi a hankali."

"A hankali? Tsere ce, Kawu!"

Ya tayar da injin. Rashid ya juya ya tafi can ƙarshen rumfa ya tsaya shi kaɗai.

A zagaye na shida, a wata kwana mai nisa da mu, wata farar mota ta taɓa bayansa. Tayoyinsa suka sauka cikin rairayi, motar ta juya gefe, ta tashi. Sau uku na ƙirga tana wuntsilawa. Ƙura ta rufe, aka ɗaga jar tuta. Na yi gudu, tsoho da ni, har takalmina ya fita, masu gadi suka tare ni. Daga inda nake na hango rufin. Gefen da ba kowa yana tsaye. Gefen direba ya lotsa ciki.

Masu ceto suka sa almakashin inji suka yanyanka rufin da bututun gunduwa-gunduwa kafin su zaro shi. Abin da ya rage aka kwashe zuwa wurin 'yan gwangwan. Ba wanda ya bincika, don duk mai shiga halba sai ya sa hannu cewa ya yarda da abin da zai same shi.

Bai mutu ba. Ƙashin bayansa ne ya karye daga sama. Likitoci suka ce hannuwa za su dawo kaɗan-kaɗan, ƙafafu kuwa sai wani ikon Allah. A barandar asibiti Hajiya Umma ta taso, matar da ba ta taɓa matsowa kusa da ni ba, ta tsaya a gabana tana kuka. Ta ce an gaya mata ba don kejin ba da gawa za a kawo mata. Ta ɗaga hannu ta yi mini addu'ar da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba, mutane suna cewa amin. Ni ma na ce amin.

A watan nan Abu Nayif ya sabunta mini iƙama. Rashid bai sake turo kwanonsa tsakiya ba. Bai zage ni ba, bai tona ni ba. In aiki ya haɗa mu yakan nuna da hannu. Bayan wata uku ya nemi a mayar da shi wani gari, ya tafi ba sallama.

Na yi kusan shekara ina zuwa Jaradiya duk Juma'a. Na ƙera musu gangara a ƙofar gida don keken guragu, na sa ƙarfen dafawa a banɗaki da gefen gado. Nakan ɗaga Yasir in juya shi, in yanke masa farce. Ya rame, dariyar ta ragu, amma in ya gan ni yakan ce ga mai ceton rai ya zo. 'Yarsa tana hawa cinyarsa, shi bai san ta hau ba sai ya duba. Mutanen unguwa suna nuna ni suna cewa amana ta yi kyau. Na sha buɗe baki in rufe. Na ce wa kaina faɗa yanzu ba zai tayar da shi ba, ciwo kawai zai ƙara masa. Ban sani ba ko don shi nake faɗin haka ko don kaina.

Wata Juma'a bayan la'asar na same shi a falo shi kaɗai, fuskarsa a sake. Ya ce yana da albishir. Wani abokinsa ya sayi mota irin tasa, yana son shiga halba, kuma ya gaya masa kada ya kai wa kowa kejin sai Kawu. Har ya yi magana da Abu Nayif, ranar Lahadi za a kawo ta.

Na ce ba zan iya ba. Ya ce ya san abin ya taɓa ni, amma ƙaddara ce, in daure. Na sake cewa ba zan iya ba, ban taɓa iyawa ba. Na sauka daga kujera na zauna a ƙasa gaban kekensa, na gaya masa. Ƙafafun da na fara kafewa, da rufin da ya hana hannu shiga, da filar, da fentin, da ƙunar da na ce tartsatsi ne. Ban ambaci Rashid ba. Ina magana ina kallon ƙafafunsa a kan matakin keken, cikin safa.

Ya bar ni na gama. Na'urar sanyi tana ta ƙara. Daga can ciki ina jin Hajiya tana daka wani abu.

"Ranar da ka zo taga," ya ce, Hausarsa tana fita ɗaya-ɗaya. "Na ce ka yi addu'a. Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Sati biyar."

Ya rufe ido. Na jira ya kira 'yan sanda, ko ya tofa mini yawu, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce in ɗauko wayarsa in riƙe masa a kunne, don yatsunsa ba sa riƙo. Na riƙe. Ya gaya wa abokin da Larabci cewa Kawu zai koma gida, ya kai motar wurin 'yan Filifin, kuma ya tsaya a kansu ya ga sun zagaye kowace mahaɗa kafin a yi fenti. Na sauke wayar.

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce bai sani ba. Ya ce ba zai kai ƙarata ko'ina ba, amma kada in tambaye shi wannan yanzu. Sannan ya ce abu ɗaya yake so, kada Umma ta ji. Ita ce ta ba da izini saboda ta yarda da ni, in ta sani ba ni za ta tsine wa ba, kanta za ta ci har ta mutu.

"Ka tafi gida, Kawu."

Ni da kaina na roƙi Abu Nayif ya buga mini fita, na ce tsufa ne. Hajiya ta haɗa mini dabino da turare da atamfa ta Hadiza, ta ce na bar su da kewa. Yasir bai fito ba, aka ce yana barci.

Yanzu ina Funtuwa. Ban sake kunna injin walda ba, idon ma ya yi rauni. Hadiza ta sani, na gaya mata. Kowace Salla, ƙarama da babba, Hajiya Umma tana turo saƙon murya. Takan gaishe ni da iyali, ta sa mini albarka, ta roƙi Allah Ya saka mini da Aljanna saboda ɗanta. Ba na tsallakewa, nakan saurara har ƙarshe. A ƙarshen takan ɗaga murya ta ce, "Yasir, ga Kawunka, ka ce wani abu mana." Sai a yi shiru, ina riƙe da wayar da hannu biyu. Sai ta dawo ta ce, "Ya ce yana gaisuwa."